Zuwa ga Yaya Bukari, Wanda Ya Faɗi Birebe Sau Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Bukari.

Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Salamatu. Shekara huɗu ke nan da aka kai ka makwancinka a Dapaong, kuma sai yau na iya zama in rubuta maka. Lokacin fitar sakamakon jarrabawa ne, mutane na ta gardama ko maki yana da amfani a rayuwar mutum ko ba shi da shi. Wasu sun tambaye ni don sun san na yi zurfi a lakol, wato makarantar boko. Ni kuwa duk amsar da na ɗauko, sai in ga kai ne a cikinta.

Ka tuna yadda ake yi a zamaninmu a Sokode. Ana tara mu a farfajiyar lakol, mushe, wato malaminmu, ya hau kan tebur ya riƙa kiran sunayen waɗanda suka ci, iyaye na tsaye a bakin katanga. Sau biyu ka zauna birebe, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, sau biyu aka naɗe takarda ba a kira ka ba. Lissafinka ba shi da laifi. Dikte ce ke kayar da kai, wato a karanta Faransanci ka rubuta, kowane kuskure a zare maka maki har ka koma sifili.

Baba bai iya karanta Faransanci ba, amma ya san lamba. A rumfarsa ta nama a unguwar Komah yake karɓar takardun makinmu, ya goge hannu a riga, ya nemi lambar da ke ƙasa. Tawa kullum tana sama. Ranar faɗuwarka ta biyu bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Boko ta Salamatu ce. Kai ka je wurin Kawu Isufu ka koyi abin da hannu ke yi." Bayan kwana uku ka hau mota zuwa Dapaong da jaka ɗaya. Ni kuma, gaskiya, daɗi na ji da aka ce boko tawa ce. Shekarata goma sha huɗu.

A garejin Kawu ka fara da wankin kayan inji a cikin fetur. Daga baya muka ji labarin cewa ranar kasuwar Korbongu masu injin niƙa kai suke jira, ba Kawu ba. Ni kuma makina ya kai ni makarantar ungozoma a Lome. Ba zan ɓoye ba, ba don makin nan ba da ko ƙofar makarantar ba a bar ni na taɓa ba. Ɗiyar mahauci ce ni, ba mu da kowa a ofis.

Ina shekarar ƙarshe ƙasar ta rikice. Ana ta rigimar siyasa da zaɓe, aka shiga yajin aiki wanda ba wanda ya san ranar ƙarewarsa. Aka rufe makarantarmu, unguwarmu ta watse, kowa na neman hanyar garinsu ko ta tsallaka iyaka. Motocin haya sun ɗauke. Ina zaune a ɗaki da hantsi na ji ana kiran sunana a waje. Kai ne, a cikin kamiyo, babbar motar ɗaukar albasa, da ka karɓa wurin wani abokinka, ka yo hanya tun daga arewa ba wanda ya aike ka.

A hanya mun tarar da shinge ya fi biyar, samari da sanduna da duwatsu, kowane shinge da tambayarsa: ku 'yan ina ne, ku na wa ne. A na farko na ciro katina na ɗaliba zan nuna, ka danne hannuna, ka ce, "Mayar. Yau ba ranar takarda ba ce." Ka sauka ka gaishe su da yarensu, ka tambayi lafiyar wani bakanike na garinsu da ka sani da suna. Haka ka yi ta yi, nan Ewe, can Kabiye, gaba Tem. Ban taɓa sanin kana jin yare biyar ba. Kusa da mahaɗar Pagala ruwan mota ya soma zuba, ka toshe hujin da sabulu, muka lallaɓa har Sokode. Mutum goma sha ɗaya ka kwaso a bayan kamiyon nan, ba ka san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Baba ya ce in bi ka Dapaong in taya matarka Adiza zama, tunda ta haihu ba da jimawa ba. Wata bakwai na yi a gidanka ba karatu ba aiki. Malaman lakol da ma'aikatan ofis, waɗanda dā muke gani kamar sun gama da duniya, ga su suna zaman banza a bakin garejinka. Wani tsohon mushenmu ma ya ce maka, "Bukari, kai ka yi dabara da ka faɗi." Kowa ya yi dariya. Kai ba ka yi ba.

Washegari bayan sallar asuba ka ajiye littafi da biro a gabana, ka ce in yi maka dikte. Na ɗauka wasa ne. Ka ce idan an buɗe makarantu za ka sake zama birebe a cikin waɗanda ba ɗalibai ba. Na tambaye ka me za ta ƙara maka a lokacin da masu ita ke yawo a gari, ka ce, "Ke dai karanta."

Kullum da safe kafin ka buɗe gareji muke yi, a kan bencin da ke gindin mangwaro. Kuskure talatin da wani abu ka yi ranar farko. Ina ja maka layi da jan biro ba sassauci, yadda aka yi mini. Yatsunka na barin baƙin mai a gefen kowane shafi. Wata rana na ɗaga maka murya a kan kalma ɗaya da ka ɓata sau huɗu, Adiza na jinmu daga madafa. Ka dube ni, ka juya shafi, ka ce in sake karantawa. Ban ba ka haƙuri ba a ranar, ban kuma ba ka daga baya ba. Yau nake ba ka, Yaya.

Da al'amura suka lafa aka sa ranar jarrabawa. Ka shiga aji da gemunka, shekararka ashirin da bakwai, ka zauna tsakanin yara 'yan sha biyar, gwiwarka ba ta shiga ƙarƙashin tebur. Na riga na koma Lome lokacin da sakamako ya fito. Adiza ce ta ba ni labari: ka tsaya can baya da kayan aikinka, aka kira sunanka kusa da ƙarshe, ka tsallake da kyar, ka juya ka koma ƙarƙashin motar da ka bari a buɗe.

Ka kai wa Baba takardar har Komah. Idonsa ya riga ya yi rauni. Ya riƙe ta, ya shafa, ya tambaye ka wa ka bar wa gareji. Amma Inna ta ce sai da ya yi sati yana gaya wa duk wanda ya zo sayen nama cewa Bukari ya ci.

Ba ka taɓa neman aiki da ita ba. Shekaru bayan haka na tambaye ka amfanin da ta yi maka. Ka ce, "Ko ƙusa ɗaya ba ta ƙara mini a gareji ba. Amma tun ranar na daina sunkuyar da kai idan an miƙo mini biro."

To ga abin da na sani, bayan shekara talatin a ɗakin haihuwa. Makina ya buɗe mini ƙofa, kuma lissafin magani da na haddace don jarrabawa ya tsare ran mata da yawa. Amma ba macen da ta taɓa tambayata nawa na ci tana naƙuda. Wadda ta fi mu maki a ajinmu ba ta yi shekara biyu a aikin ba, ta kasa jure wa mutane. Maki ya faɗi gaskiya a kan diktenka, Yaya. Mu ne muka ɗauka ya faɗi gaskiya a kanka gaba ɗaya, ni da Baba.

Labarin gida kuma: autarka Hajara ta zauna bak, jarrabawar gama babbar sakandare, bana, ba ta ci ba, kaɗan ya rage. Na je Dapaong da kaina. Ban ce mata ba komai ba ne, don ba gaskiya ba ne, kuma za ta gane. Na ce ta yi kukanta ta gama, ta ci abinci, ta ɗauko littattafanta mu ga inda ya tsaya mata. Za ta sake zama baɗi. Takardunta ma na duba, da fensir, ba da jan biro ba.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi. Allah ya sauƙaƙa maka tambaya, ya ba ka littafinka a hannun dama. Ya haɗa ka da Baba da Inna a gidan rahama, ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani.

Taka ƙanwa,
Salamatu, daga Sokode.