Wuyan Danjuma a hannuna

Daren Laraba, Maris 2006, Kado



Yau a wurin horon judo a Idu koci ya koya mana shaƙa. Sai da ya zaunar da mu ya yi bayani: wai asalin wasan na mayaƙan Japan ne, daga baya aka cire abin da ke kisa, aka bar abin da za a iya koya lafiya. Ya ce duk wanda ya ji wuya ya bubbuga katifa, a sake shi nan take.

Aka haɗa ni da Danjuma, direban ofishinmu, wanda ni na lallashe shi ya fara zuwa. Na riƙe kwalarsa na matsa, ina jiran ya bubbuga. Bai bubbuga ba. Na ɗauka taurin kai ne, na ƙara matsawa. Sai na ji jikinsa ya saki, idanunsa sun juye.

Koci ya ture ni, ya ɗaga masa ƙafafu. Ni dai ina durƙushe ina ta innalillahi, ina tunanin me zan gaya wa matarsa mai tsohon ciki.

Can ya buɗe ido ya ce, "Oga, an gama ne? Ban ji komai ba fa."

Kowa ya yi dariya. Ni na kasa.

Da na shigo gida, ɗana Abba ya rugo da gudu don mu yi 'yar kokawar da muka saba. Na ɓoye hannuwana a baya, na ce masa Baba ya gaji.