Jita a Ɗakin Sitti

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Mu nan Aziziyya alhamdu lillahi.

Kin san jitar maigidana, wadda yake kwantarwa a cinya yana goga mata ɗan ƙarfe. To Sitti, kakarsa, ta ce kukan mage take yi, a fitar da ita daga gidan kafin Juma'a.

Sai na kunna masa kiɗan molon marigayi Baba da kika turo mini. Kwana uku yana sassauta tsirkiya yana ɗaurewa, har ya tsinka biyu, kafin muryar jitar ta sauko daidai da molon. Ranar Alhamis bayan la'asar ya kaɗa. Sitti ta ajiye shayinta ta ce, "Kai ja'iri, a ina ka samo wannan? Da shi aka kai ni ɗakin kakanka!" Ta kama waƙar tana hawaye.

Yaya, duk littattafan da na karanta ban ga gwarzo kamar nawa ba. Yanzu jitar a ɗakin Sitti take kwana.

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe mini da Inna.

Ƙanwarki,
Hafsat