Zuwa Ga Mijina Mai Tsallake Labari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidana Yaya Shamsu, can Ibadan. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya kasuwa, ya jikin Kawu? Na rubuto maka a nan inda kowa zai gani, domin na lura saƙon da na tura maka kai kaɗai, layin farko kake karantawa.

Ka tuna wata Juma'a bayan ka dawo daga masallaci? Kana zaune a kafet riƙe da hannun gem, wasan nan naka na talabijin, ni ina kishingiɗe da littafina. Kafin ranar ban taɓa ɗaga kai na kalli abin nan naka ba. Na ɗauka dambe ne kawai: an kwaso jarumai daga finafinai da wasanni daban-daban, mai takobi, mutum-mutumin ƙarfe, wani ƙato mai ƙaho, an zuba su fili ɗaya suna jibgar juna. Sai na ji ƙarar ta tsaya. Na ɗago, na ga wata mace mai kwari da baka ta durƙusa gaban wanda ka gama kayarwa, ta cire masa hular ƙarfe. Ta buɗe baki, rubutu ya fara fitowa a ƙasan talabijin. Ka danna. Ta ɓace.

Na tambaye ka me za ta ce. Ko juyowa ba ka yi ba, ka ce, "Wanga duk surutu na, mu tahi wurin aiki."

Har yau ban ƙarasa littafin nan ba, ni da ba na bari littafi ya kwana biyu a hannuna.

Ashe labari ne guda mai farko da ƙarshe, mutum ɗaya ke bugawa, babi bayan babi, kowane babi sai ka ci faɗa a buɗe maka na gaba. Kai kuwa ka yi ta cin faɗa kana watsar da labarin, kamar wanda aka ba tuwo da miya ya zubar da miyar. Na roƙa, na yi fushi, har dambun nama na yi maka don ka bar min babi ɗaya. Ka bari, amma ko rabi ba a kai ba yatsanka ya yi halinsa. Abin da na tsinta kawai shi ne duniyoyinsu sun haɗe, wani azzalumi ya juyar da hankalin wasu, ita kuma matar tana neman wani. Wa take nema? Mijinta? Wanta? Ran da na je Bungudu gaida Inna, ina ta saƙa da warwara a mota har direba ya wuce da ni layinmu.

Da Kawu ya kwanta aka ce ka je ka riƙe masa shagon hatsi na ɗan lokaci, na tsaya a bakin ƙofa ina jiran irin kalaman bankwana da nake karantawa. Abin da na samu shi ne, "Kome kika so ki taɓa, ban da inda aka rubuta sabon labari." Wai gem ɗin wuri ɗaya yake ajiya, wanda ya faro sabo ya goge tsoho, kai kuma ka kai faɗan ƙarshe da ya gagare ka tun kafin azumi.

Ka tafi ana shuka. Yanzu an yanke gero.

Na riƙe amana, Yaya. Amma na koyi riƙe hannun gem, babban yatsana har ya yi kanta. Sannan na shiga faɗan naka na ƙarshe. Ka san wa na tarar tsaye a gefen azzalumin? Ita. Idanunta sun canja, ta ɗana kibiya tana jirana. Wai ni zan dake ta, ban san abin da ya kai ta can ba? Na ajiye hannun na tashi. Ƙawata Zainabu ta Tsafe ta ce in daina wahalar da kaina, an ɗora labarin duka a waya. Ba na so. Ku ma da kuke karanta wannan, don Allah kada wanda ya ba ni labari a ƙasa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kiran wayarka. Lafiya? Akwai abinci? An kawo wuta? To sai an jima. Shekaranjiya na fara ce maka akwai wata magana, ka ce mai sayen masara ya zo. Na daɗe riƙe da wayar, ina jin kamar ni ce na durƙusa na buɗe baki aka danna. Maganar tana nan, ba irin wadda ake rubutawa a bainar jama'a ba ce, kuma ba za ta ɓoyu har abada ba. Inna kallo ɗaya ta yi min ta gane.

Na san ba ƙeta ba ce, haka Allah ya yi ka, mai gaggawar kaiwa ga aiki. Kuma wallahi ina kewar yadda kake cije leɓe in faɗa ya yi zafi, da yadda kake waiwayowa ka ga ko na ga ka ci. Ina gani, masoyina. Kullum ina gani.

Allah ya ba Kawu lafiya, ya sa albarka a nemanka, ya tsare mana kai a hanya har ka shigo Gusau lafiya. Allah kuma ya ba ka haƙurin sauraro, da haƙurin abin da za ka karanta yanzu.

Da zarar an kawo wuta, zan goge naka in faro labarin daga farko.

Matarka,
Rabi'atu