Kada A Fasa Sukarin Si Mbarak

Ijja! Ke Ijja, in kin tashi daga kamfanin kifin nan na Agadir ki buɗe wayarki. Ki ajiye wannan, ki karanta wa yayyenki ranar da aka rufe ni. Ni ce uwarku Zaina, da hankalina ras nake rubutawa, ƙirjin ne kawai ya ƙi. Duk wanda ya ce muku na fara ruɗewa, ku duba me yake nema a hannuna.

Na ɗaya. Gonar na'ana'a da itatuwan lemo a raba yadda addini ya ce, liman ya sani. Awarwarona na azurfa naki ne. Awaki na yayanki Hummad ne, muryarsa suka sani.

Na biyu, shi ne ya tsaya mini a wuya. Kasonmu na a-kori-kura ba na sayarwa ba ne. Gida biyar muka haɗu muka saye ta bayan rasuwar babanku. Kin tuna dillalin nan da yake ƙin zuwa sai rana ta take, na'ana'a ta yi laushi, sannan ya taya yadda ya ga dama? Yanzu Hummad yana bi gida-gida ya kwashi kaya da sanyinsu ya kai kasuwar Tarudant. Ya dawo da kwandunanmu, da ɓawon kayan miya na otal, awaki su ci, saura ya zama taki. Ba ta tafiya wayam, ba ta dawowa wayam. In baƙo ya shigo cikinmu ya ƙi ba da kuɗin mai, motar ta kwanta, dillali ya dawo.

To Si Mbarak da yake neman kason nan namu, ɗan wa? Ɗan dillalin nan ne. Shi ne ya saka wa yayanki Lahsen kirifto, kuɗin nan na intanet, a waya.

Na uku. Lahsen, ɗana, da kai nake. Na zauna na lura da kai. In abin ya hau, ka ce a ƙara kafin ya wuce mu. In ya faɗi, ka ce ya yi araha, a ƙara. Wace irin kasuwa ce wannan da ba ta da ranar sayarwa? Shayi ya huce a gabanka kana kallon layi ja da kore. Ka ce mini, "Inna, ba za ki gane ba, masu haƙuri ne suke ci." Ni za ka koya wa haƙuri? Na'ana'a ma in ta isa yanka yanke ta ake yi. Babur ɗinka ya shiga wayar nan, bai fito ba, shi kake bi. Kwanan nan kuma kwandunanmu masu jan zare sai raguwa suke. Ban ce kai ba ne. Ban kuma ce ba kai ba ne.

Tambaya ɗaya ka yi wa abokin naka. In kuɗin wayar nan zai ninka yadda yake faɗa, me ya sa yake son ya ba ka shi, ya karɓi kaso a tsohuwar mota mai tari?

Na huɗu. Ijja, buɗe kunnenki. Watan jiya Si Mbarak ya zo mini da dunƙulen sukari, irin babban nan da sai da guduma ake fasawa, ba biki, ba suna, ba rasuwa. "Lalla Zaina, gaisuwa ce kawai." Gaisuwa! Wa yake ɗauko sukari ba da buƙata a bayansa ba? In muka fasa muka sha shayi da shi, gobe zai tsaya gaban mutane ya ce gidan nan ya karɓi maganarsa. Ban fasa ba. Yana kan kabad, na shafa wa takardar da aka naɗe shi da ita lalle a gindi. Ranar zaman makokina kowa zai kawo sukari, a jibge, mata su yi ta fasawa ba dubawa. Ranar yake jira. Ki cire nasa tun kafin a yi mini wanka, Hummad ya mayar masa da shi da rana tsaka, a gaban sauran gida huɗun.

Na biyar. Hummad, ka daina ce wa yayanka "attajirin waya" a gaban matarsa. Kunya ce take ƙara tura shi. Duk Juma'a ku ci kuskus a akushi ɗaya, ko ba ku magana. Ranar da abin ya ƙone, don zai ƙone, kada wanda ya ce "ai Inna ta faɗa". Ku ba shi kujerar gaba ya riƙa bin kaya kasuwa, ya iya ciniki tun yana yaro.

Na yafe muku, ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya sa ku a mota ɗaya har

Tsaya, ana buga ƙofa. Na leƙa ta taga. Shi ne, da wani dunƙulen a hammata, Lahsen na bayansa yana murmushi. Ga matar Lahsen har ta ɗora buta. Bari in ja jiki in isa ga gudumar sukari kafin ta riga ni.