Tsohon da Ke Cikin Littafin Eunice

Nasarawa, Kaduna
4 ga Afrilu, 1988

Eunice,

Gaisuwa, tunda haka ake fara takarda. Ni ne ubanki, Shekari. Malam Joseph mai tafireta ke bugawa, ni nake faɗa, na kuma ce kada ya sa mini sukari.

Na rantse ba zan ƙara yi miki magana ba tun da kika auri Nicholas, amma ban rantse a kan takarda ba. Ashe littafin soyayya kika rubuta? Matan gidanmu sun zauna gindin mangwaro, ɗayarsu, Hauwa, na karantawa, suna ta ƙyaƙyatawa. Wai akwai wani tsoho da ya kori saurayin 'yarsa don ya gaishe shi daga kan babur bai sauka ba. Wa ke nan? Har tarin da nake yi kafin in fara faɗa kin saka! Jiya a coci na yi tari, layi biyu suka juyo.

Na sa an karanta mini shi duka. A ƙarshe tsohon ya ɗauki kaza ya je ganin jika, har da kuka. Ƙarya ce. Mutum ba ya canza hali don shafi ya kusa ƙarewa. Shekara talatin na yi a masaƙa, ko Bature bai taɓa gaishe ni daga sama ba.

Ki huta lafiya.
Ubanki

Rido
11 ga Afrilu

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Yaya ƙafar? Na yi murna da takardarka, ko da faɗa ce.

Gaskiya ne, kai ne. Amma Baba, duk wanda ya karanta, tsohon nan ya fi so, ba masoyan ba. Na sa shi ya sauko ne don abin da nake roƙo ke nan kullum.

Akwai abin da ban rubuta ba, Nicholas ya hana ni. Ran nan da zai taho wurinka, wajen tayar da babur wandonsa ya yage tun daga baya har gwiwa. Kai kuma kana zaune da dattawan coci. Ya ga gara a ce ba shi da kunya da a ga abin da za a gani.

Ran Lahadi ta ƙarshen wata za mu miƙa ɗanmu a coci. Sunanka nake so ya ci, amma ba zan sa ba sai kana wurin.

'Yarka,
Eunice

Nasarawa
16 ga Afrilu

Eunice,

Na gaishe ki. Ƙafa tana nan inda take.

Wando! Shekara biyu ina cin tuwo ba daɗi saboda wando? Ba shi da baki ne? Ai da ya raɗa mini, da na miƙa masa zanen uwarki. Malam Joseph ya yi dariya har ya ɓata takarda ɗaya, wannan ta biyu ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kin rufa wa mijinki asiri, kin tallata ubanki a Tudun Wada da Kakuri. Shi a littafi kyakkyawa ne mai haƙuri, ni kuwa tari da masifa. In za a sake bugawa, a saka wandon. Ban yafe ba tukuna, ina dai tunani.

Yaron, goshin wa ya ɗauko?

Ubanki

Nasarawa
21 ga Afrilu

Eunice,

Ina zuwa ran Lahadi. Agwagwa zan kawo, kada wani ya ce littafi na bi. Ba zan yi kuka ba; in kin ga ido ya yi ja, hayaƙin matatar man da ke kusa da ku ne.

Ki ce wa Nicholas ya zo ya ɗauke ni ƙarfe bakwai. In ya zo, ya sauka daga babur. Ya kuma sa wando mai ƙwari.

Shekari babba