Karon da Na Sa wa Ƙugiya

Maigatari, Juma'a, 12 ga Maris, 1976

Zuwa ga Zinariya, matata, farin watan Ɗanzomo, ruwan randa a tsakiyar bazara, gawon da ke fitar da ganye sa'ad da sauran itatuwa suka tuɓe, nonon safe da ba a taɓa tsarma shi da ruwa ba!

Bayan gaisuwa irin ta wanda ƙafarsa ta gaji amma zuciyarsa ta ƙi zama, ina fata kina lafiya, da Inna, da Yaya Ubale, wanda na san shi zai fara buɗe takardar nan. Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, miƙa mata, ba da kai nake ba.

Wata huɗu ke nan da kika koma gidanku, tun ranar da likita a Gumel ya ce hayaƙi da duhun ɗakin girkina ne ke cinye miki ido. Ban yi gardama ba, ina bakin gardamar? Ɗakin da mahaifina ya gina tun ban san hannun dama ba, azararsa ta yi baƙi, kantar katakon ta yi baƙi, ƙyauren ya yi baƙi, kunkunniya na lilo kamar gemun bunsuru. Kin tuna girkinki na farko a ciki? Na leƙo da rana tsaka, ban ga komai ba sai haƙoranki da farin idonki, kina dariya kin zuba kanwa a madadin gishiri. Na cinye tuwon nan tas, na rantse miki ban taɓa cin irinsa ba. Ban kuwa yi ƙarya ba, ya haskena, don har yau ban sake cin irinsa ba. Shekara goma sha ɗaya kina haska ɗakin nan da idonki, ni kuwa ina cewa bari damina ta wuce, bari kasuwa ta yi kyau. Wane irin miji ne ke yin fitila da idon matarsa?

To, ga abin da ya faru, don ranar da kika zo ba ki tsaya kin ji ba. Kin aiko mini da 'yar takarda da rubutunki na ajin yaƙi da jahilci, cewa in sa karo a bangon murhu, sai ki dawo. Na duba, na ga k tsirara ba ƙugiya. Sai na yi murmushi irin na wanda ya gama elemantare, na ce baiwar Allah ta manta ƙugiyarta, ƙaro take nufi. Da alƙalamina na lanƙwasa mata kai! Ni Lado, dillalin da ke gane shekarun raƙumi daga tafiyarsa, wanda Buzu da Bafillace ba su taɓa yi wa wayo a kara, kasuwar dabbobi, ba, harafi ɗaya ya kayar da ni. Na sayo ƙaro rabin buhu, na jiƙa, na kwaɓa da farar ƙasa, na shafe bangon da hannuna. Kwana biyu yana sheƙi kamar goshin amarya. A na uku ƙuda suka zo gaisuwa, kiyashi suka biyo su, toka ta manne, hayaƙi ya like. Ranar da kika sauka daga mota kika leƙa, bangon ya koma kamar bayan tukunya mai gashi. Da ma kin zage ni! Sai kawai kika goge idonki da bakin mayafi, kika bi motar da ta kawo ki. Wannan juyawar ta fi mini duk asarar da na taɓa yi a kasuwa ciwo.

Sajo direba, mutumin Damagaram, shi ya warware mini, bayan ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ashe karo fale-falen tangaran ne da ake mannawa a bango, irin wanda kika gani gidan ƙanwarki a can, kalmar Faransa ce, kuma daidai kika rubuta. Ke ce malama, ni ne jahilin.

Na haye iyaka na je na same shi. Zinariya, na gaji! Na yi cinikin shanu dubu ban taɓa tsayuwa gaban haja ina zufa kamar ranar nan ba. Akwai kore, na ce zai haɗu da baƙin katako ɗakin ya koma kamar ƙasan rijiya. Akwai mai furanni ja da rawaya, ya burge ni ƙwarai, amma na tuna ni ne na taɓa sayo miki atamfar da kika mayar zanin ɗaure kaya. Akwai fari fat, mai kanti ya ce zai nuna datti. Na ce ya nuna mana! Ɓoye datti ne ya kai mu inda muke. Farin na ɗauka, da 'yan shuɗi na jerawa a baki, kalar shunin mayafin da kika goge ido da shi. In na sake kuskure, wannan karon aƙalla da ido biyu na yi shi.

Cindo magini ya kankare ƙaron, ya ɗaure bangon da siminti, ya jera fale-falen daga murhu har tsayinki. Tsayin na auna masa a ƙirjina, inda kanki ke tsayawa. Ya fasa taga ta gabas, hayaƙi ya sami hanya. Kantar ban yar ba, na mahaifina ce, amma na kankare ta da wuƙa har jan itacen ya fito. Yanzu in hantsi ya shigo, sai ya daki farin nan ya watsu, har zaren gizo-gizo ana gani. To amma me zan gani? Murhu ba wuta, tukwane a kife, turmi a kwance. Da can duhu ne ke ɓoye mini ke. Yanzu haske ne ke nuna mini ba kya nan. Wanne ya fi, ya sanyin idona?

Ba zan ɓoye miki ba, ɗan kasuwa ba ya rasa dabara. Ƙunshin da Sajo zai ba ki tare da takardar nan, karo ne guda ɗaya, shuɗi. Na hana Cindo manna shi. Gurbinsa na nan daidai saman murhu, bango na kallona da giɓi kamar bakin tsohuwa. Kada ki ba Sajo ya dawo da shi, na riga na gaya masa kada ya karɓa. In kin ga dama ki ajiye shi, bangon ya zauna da giɓinsa har in mutu, ba mai cike shi. In kuwa kin yafe, Alhamis mota na tasowa da hantsi, ki riƙo shi a cinya, yana fashewa. Na ajiye siminti cikin gwangwani.

Ba zan ƙara gyara miki harafi ba, ko da kin rubuta sunana a juye.

Naki, da giɓi ko ba giɓi, har ranar da za a jera mini itace a kabari,

Lado Dillali