Ƙofar da Na Sa a Bakin Kogon Jirgi

Shiffa, Aljeriya, 9 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Zulaiha,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara, kuma ciwon gwiwar ya yi sauƙi.

Yaya, hanyarmu ta ƙone. Tsohon layin dogon da Baba ya yi wa gadi, wanda muka shekara huɗu muna sharewa don masu yawo da ƙafa. Ranar Juma'a wasu baƙi suka gasa nama a ƙarƙashin gada ta biyu, suka tafi suka bar garwashi. Kafin la'asar wuta ta cinye kwazazzabon tun daga bakin kogi har kan dutse. Biran da ke zaune a wurin ma sun gudu.

A taron ƙungiyarmu ta masu gyaran hanyar, wadda nake shugabanta, na ce a rufe hanyar shekara biyu, daji ya farfaɗo. Tayyib, aminina tun muna makaranta, ya miƙe. Kin san da gahawar da yake sayarwa a bakin kogon jirgi, inda layin ya huda dutse, yake ci da gidansa. Ya ce, "Rabah, kai mai fansho, rufe baki za mu yi mu ma har shekara biyu?" Aka yi dariya, amma ni aka bi. Da hannuna na yi waldar ƙofar da muka rufe bakin kogon da ita.

Ƙaninki,
Rabah

2 ga Oktoba

Yaya Zulaiha,

Gaisuwa da fatan alheri. Maganin da kika aiko ya iso, Allah ya saka.

Kin ce in je in ba Tayyib haƙuri. Na je, har da kwandon ɓaure. Ya leƙo ta taga ya ce, "Kai wa biranka, su ne danginka." A masallaci ma sai ya canja sahu.

Mun dasa itatuwa ɗari uku a gangaren, ga shi ruwan sama ya ƙi zuwa. Abin mamaki, na ƙasan gada ba su bushe ba, alhali mabuɗin ƙofar na aljihuna. Ban san mai ba su ruwa ba.

Ki gaida yara.
Rabah

21 ga Nuwamba

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Tayyib ya rasu. Shi ne mai ba dashen ruwa. Da yake ƙofa a kulle take, ta hanyar awaki yake sauka, wadda ke bin gefen dutse. Ranar Talata aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙasar da wuta ta cinye saiwoyinta ta zaftare da shi. Ya je duba ko dashen sun tsira ne. Kwana biyu muna tono kafin mu same shi.

Na je gaisuwa ina ɗari-ɗari. Matarsa Yamina ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce, "Sau uku ina ce masa ya roƙe ka mabuɗi. Ya ce sai dai kai ka ba shi."

Yaya, da na tsaya na yi tunani, da na gane shi ne. Wa kuma ya san hanyar awakin nan, in ba ni da shi ba?

'Yan ƙungiya na son in ci gaba da shugabanci. Na ce su ba ni lokaci. Gobe zan sauka ni kaɗai, akwai dashe kamar arba'in da laka ta danne, wataƙila wasu su tashi.

Ki sa shi a addu'a. Ni ma ki sa ni.

Ƙaninki,
Rabah